Tasoshin Mairo a Ƙofar Coci

In ka shiga Kasuwar Kilomita Biyar ta layin 'yan roba, ka wuce masu bokiti da masu buta, za ka iske wata dattijuwa zaune a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafa ɗaya saboda ciwon guiwa, ga tasoshi jere a gabanta, tun daga ta wankan jariri har wadda za a jiƙa rogon gida guda a ciki. Mairo ke nan, Mairo Mai Tasa. Kada ka yi mata tayin wulaƙanci, don bakinta ya fi hannunta sauri. Sannan don Allah kada ka ce mata Hajiya. Ba za ta zage ka ba, sai dai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ni Kirista ce tun kafin a yi wa uwarka kitson fari," ta bar ka tsaye kana kallon mayafinta.

Wannan bayani ta haura shekara sittin tana yin sa, kuma ta gaji, wallahi ta gaji. A kasuwa baƙin 'yan Nijar da 'yan Najeriya sukan ji Hausarta tas, su tambaye ta wane masallaci ya fi kusa. A coci kuwa, duk baƙon da ya zo sai ya zunguri na kusa da shi ya tambaya da Sango, yaren ƙasar, me Arabo take nema a nan, don a Bangui duk wanda ya yi kama da Musulmi Arabo ne, ko da bai taɓa ganin Balarabe ba. Cocin nan fa ubanta ne ya kwaɓa ƙasar gininsa da ƙafarsa.

Uban nata, Ɗantala, mutumin ƙasar Arewa ne can Nijar. Ciwon ido ya kai shi asibitin mishan yana saurayi, ya fito da idonsa garau da kuma sabon addini. Gari ya yi masa zafi, ya bi masu shanu har ya tsinci kansa a Bangui. Ya auri wata 'yar bakin kogi, amma ya ƙi zama ko'ina sai Kilomita Biyar, ya ce shi ba zai iya kwana inda ba a ciniki da Hausa ba. Shi da wasu 'yan tsiraru suka ta da ɗan coci a gefen unguwar Yakite. A gindin mangwaron gidansu ya koya wa Mairo Shaidar Bangaskiya da Hausa, gaɓa gaɓa, da tsumagiya a hannu, har ta zauna mata daram. Sauran sujada duk da Sango take yi kamar kowa, amma wannan ɗaya in ta buɗe baki Hausa ce ke fitowa.

Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Kamaru. Haɗari ya ɗauke shi, ya bar ta da rumfar kasuwa da 'ya'ya biyu. Babban, Audi, mai walda ne a unguwar Kokoro, kuma dattijon ikkilisiya. Ƙaramar, Salamatu, malama ce a lise, wato babbar sakandare, tana koyar da kimiyyar halittu. Kowanensu in ka same shi shi kaɗai, mutumin kirki ne. In ka haɗa su ɗaki ɗaya kuwa, to ka kwashe duk abin da zai fashe.

Audi ɗan fari ne, Mairo kuwa Bahaushiya ce har ɓargo, Hausawan layinsu ne suka raine ta. Tun ran da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba. "Kai" take ce masa, ko "wancan", in tana ba da labarinsa a kasuwa ta ce "mai waldan nan". Ba ta yabonsa a gaban mutane, in ya miƙe zai yi magana a coci sai ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwali. A wurinta wannan kunya ita ce so, irin wanda ya yi yawa har ba ya faɗuwa. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa yaron da ya tashi da Sango a bakinsa, yana ganin iyayen abokansa suna ƙwala musu kira a titi suna rungume su, zai yi wa abin wata fassara.

To, cocin nasu yana da al'adarsa. Sau biyu a shekara ake Jibin Ubangiji, kuma ba gurasa da ƙoƙo kaɗai ba ne. Kafin nan sai an wanke wa juna ƙafa. A ja labule a tsakiya, maza gefe mata gefe, kowa ya nemi abokinsa, ya ɗaura tawul a ƙugu ya durƙusa ya wanke masa, shi ma a wanke masa. Tasoshin wannan aiki na Mairo ne. Ita ta ba da su, ita take ajiye su a ƙarƙashin gadonta, don sau ɗaya ta bar su a hannun zumuntar mata, aka dawo mata da su suna warin jiƙaƙƙen rogo. Tun ran da aka yi wa Salamatu baftisma su biyu suke wanke wa juna. Sannan akwai wata 'yar kafa a labulen, Mairo ta san inda take sarai, ta nan take satar kallon Audi yana durƙushe gaban wani tsoho. Wannan ne lokacin da ya fi kowane daɗi a shekararta, amma ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa maka ba.

Bana guiwar ta ce ba ta san zance ba. Likita ya ce ta daina durƙuso, ita ma ta san a ranta Jibin da ke tafe shi ne na ƙarshe da za ta iya kai guiwa ƙasa. Abin da take so bai taka kara ya karya ba: ta wanke ƙafar 'yarta sau ɗaya tak, ta leƙa ta ga ɗanta a bayan labule, su ukun ƙarƙashin rufi ɗaya. Shi ke nan fa! Amma ina, sai da aka nemo abin da zai hana.

Sabon fasto aka kawo musu, Fasto Aristid, yaro mai jini a jika, ya dawo daga karatu a Kamaru. Ba mugu ba ne, in mutum ya kwanta ciwo shi ne farkon zuwa dubiya. Sai dai abu na farko da ya yi shi ne soke Shaidar Bangaskiya. Ya ce mutane ne suka tsara ta, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma 'yan Katolika ma suna faɗin ta, su kuwa ba Katolika ba ne. Tsofaffi suka yi ta gunaguni, wasu suka kwashi kujerunsu suka koma wani coci, aka daina gaisawa a jana'iza. Ba a je ko'ina ba sai ga shi ya fito da tasa sabuwar shaida, ta ninka tsohuwar tsawo, kuma a tsakiyarta ya dasa cewa Allah ya yi duniya cikin kwana shida irin namu, masu safiya da maraice, duk wanda ya ce ba haka ba, ba Kirista ba ne. Mairo ta ce oho, an kori ta mutane an kawo ta mutum ɗaya. Amma ba ta damu ba, don ita kwana shida ko wata shida ba su taɓa hana ta sayar da tasa ba.

Sai wata ɗaliba, 'yar wani dattijon coci, ta koma gida ta ce Malama Salamatu ta ce daga biri muka fito. Kan ka ce kwabo magana ta zagaye Yakite, ta dawo da ƙafafu da wutsiya. Dattawa suka zauna, suka ɗora wa Audi ya je ya yi wa ƙanwarsa magana. Shi kuma da wayonsa ya zaɓi ranar Lahadi da rana a gidan uwarsu, daidai lokacin da ta sauke tuwon rogo da miyar ngunza, wato ganyen rogo da ta wuni tana daka.

"Yaya, ban ce biri ya haife mu ba," in ji Salamatu. "Cewa na yi mu da shi asalinmu ɗaya can da nisa, kuma Allah ne ya yi mu duka. Duwatsu da ƙasusuwa sun nuna abin ya ɗauki zamani mai tsawo. Yaran nan jarrabawa za su rubuta, ƙarya kake so in koya musu?"

"Littafi ya ce kwana shida," in ji Audi.

"Ita ranar da ke sama ai sai a kwana na huɗu aka yi ta," in ji Salamatu. "To da wane agogo ka auna na farkon?"

"Inna, kin ji ko? Izgili take yi da Maganar Allah!"

"Da kai nake yi. In kana shakkar dangantaka da biri, je ka dubi madubi."

Mairo ta kai mata ludayi a kafaɗa. "Ke, rufe mini baki, yayanki ne! Kai kuma sauke murya, ba kan mumbari kake ba. Ku duka biyun ni na haife ku, kuma ranar ban ga biri a ɗakin ba, ban ga agogo ba. Ku ci abinci."

Wa ya ci? Suka koma Sango, daga Sango suka haura Faransanci inda ba za ta iya bin su ba, sai hannuwa take gani suna tashi. Audi ya fice ya bar hularsa, Salamatu ta fice ta bar jakarta, tuwo ya sandare a kwano. Mairo ta zauna ita kaɗai tana tsaki, har maƙwabciya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Lahadin da ta biyo baya aka yi sanarwa. Ranar Jibi dattijo zai tsaya a ƙofa, ya karanta wa kowa gaɓar kwana shida, wanda ya ce ya yarda ya shiga, wanda bai ce ba ya koma gida. Dattijon da aka zaɓa kuwa Audi ne, wai don a ga ba ya son kai. Mairo tana jin haka ta tuna baya, don ita an taɓa tare ta a hanya an ce ta karanta.

A shekarar da gari ya kama da wuta ne, lokacin da Kilomita Biyar ta zama kurkuku, Musulmi ba ya fita, Kirista ba ya shiga. Mairo ta ƙi barin gidan ubanta. Maƙwabtanta Musulmi suka rufa mata asiri, in an tambaya su ce tasu ce. Audi kuwa ya gudu da iyalinsa sansanin da ke filin jirgi. Da ta ji an ce ba shi da lafiya, ta dafa abinci ta ɗora a kai ta fita, aka yi aka yi ta ƙi ji. Tana tsallake gada samari suka tare ta, adduna a hannu, layu har wuya. Suka ga mayafi, suka ce Arabo ce. Ta ce Kirista ce. Suka ce to ta karanta abin da Kirista ke karantawa. Tsoro ya kwashe mata Sango tas daga baki, sai Hausar Ɗantala ta fito, kuma sunan Allah na cikin gaɓar farko, su kuwa a wurinsu Musulmi ne kaɗai ke cewa Allah. Kai, ai sai ta ƙara wa wuta fetur. Wani har ya ɗaga adda.

Wata mai sayar da garin rogo a bakin hanya ce ta taso da gudu, Mama Filomen, 'yar cocinsu, Allah ya ji ƙanta. Ba ta tsaya gardamar karatu ba. Cewa ta yi su cire mata takalmin hagu, za su ga ƙaramin yatsa ya hau kan na kusa da shi, don ita da hannunta ta sha wanke ƙafar nan a gidan Allah tun suna 'yan mata, in ƙarya take su sare su tare. Aka cire takalmi, ga yatsa ya hau ɗan'uwansa. Suka sake ta. Ta kai wa Audi abincinsa, ta ajiye ta ce "kai, ci," ba ta gaya masa abin da ya faru ba sai bayan shekaru, shi ma a bakin wasu ya fara ji.

Don haka wannan karon ba ta zauna ba. Ta fara da Salamatu, ta same ta tana duba takardun ɗalibai. "Ke, kalma ɗaya ce fa. Ki ce kin yarda, ki shiga, in kin koma makaranta ki ci gaba da birinki. Wa zai bi ki?"

"Inna, ke kika fasa mini baki ina ƙarama don na rantse a kan ƙarya. Yanzu a ƙofar gidan Allah kike so in yi ta?"

Ka ji 'yar banza, da tarbiyyar da ka ba ta za ta ɗaure ka! Ta ja mayafi ta hau babur sai Kokoro.

Ta iske Audi yana haɗa ƙyauren ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ta tsaya nesa ta ce, "Kai." Ya kashe inji ya ɗaga gilashin fuska, ya kawo mata benci. Ta ce ya bar ƙanwarsa ta wuce ranar, ya yi kamar bai gan ta ba, ko ya yi tari daidai lokacin.

"Inna, ba zan iya ba," ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi. "Tun ina yaro ake ce mini Arabo. A sansani can gefe aka ba ni wuri, kusa da shara, wai ba a yarda da ni ba. Shekara nawa ina share coci, ina gyara rufi kyauta, kafin a ce mini dattijo? In na bar ta ta wuce, cewa za a yi dama jinin Hausa ba ya Kirista na gaske." Ya juya sandar walda a hannu. "Ke dama ita kike so. Ni ko sunana ba ki taɓa kira ba."

Jama'a, ku ji wata magana! Mairo ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da ta tsallake adduna da kwano a kai saboda shi? Ta so ta ce masa wawa, ai don kai ne na farko, ai don kai ne babba a zuciya. Amma yaya za a yi uwa ta faɗi wannan a bakin titi, ga ma'aikatansa suna ji? Sai ta ce, "Allah ya shirye ka," ta miƙe da ƙyar ta tafi.

A kasuwa ta zazzage wa Hajiya Ummuhani, mai rumfar buta da ke jikin tata, wadda suke zaman tare tun suna 'yan mata. Hajiya ta yi salati ta ce 'ya'yan yanzu ba su san kunya ba, nata ɗan farin ma ya taɓa tambayarta ko tsinto shi aka yi. Sannan ta gyara zama ta ce, "Amma fa Mairo, a maganar birin nan ni ina bayan ɗanki."

"Ke ma? To ki zo ki tsaya a ƙofar tare da shi mana!"

"A'a, ni dai na faɗi gaskiya."

"Kowa a garin nan gaskiya yake faɗa, ni kaɗai ce nake neman wurin wanke ƙafa," in ji Mairo, ta juya mata baya har la'asar.

Ranar Jibi aka tashi da ruwan sama, hanya ta zama jan taɓo. Mairo ta sa mai amalanke ya kai tasoshi da jarkokin ruwa tun da safe, aka shigar da su. Guda ɗaya ta riƙe, tsohuwar tasar ubanta mai bakin shuɗi wadda duk ta ɓantale, da buta da tawul. Ta aika wa Salamatu cewa in ba ta zo ba kada ta ƙara taka mata gida. Ta zo, fuska a murtuke, ta tsaya a bayan uwarta.

Layi yana tafiya. Audi na tsaye a ƙofa cikin farar riga, yana karantawa, ana cewa an yarda, ana shiga. Wasu tun kafin ya kai ƙarshe suke amsawa don ruwa na dukansu. Da aka zo kan Mairo ya kau da kai ya ce a hankali, "Inna, ke wuce."

"A'a. Ka tambaye ni kamar kowa."

Ya karanta. Mairo ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai, ta kama Shaidar Bangaskiya ta Ɗantala da Hausa, tun daga farko har amin, da ƙarfi, ba ta tsallake ko gaɓa ɗaya ba. Wata baƙuwa a baya ta ce ashe dai da gaske Arabo ce. Fasto Aristid ya fito ya ce cikin ladabi, Mama, wannan ai an daina ta, kuma ba ita aka tambaya ba.

"Ba ita ba ce, Inna," in ji Audi, idonsa a ƙasa. "Ki ce kin yarda kawai."

Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta yi a gaban mutane. "Sau biyu ke nan ana tare ni a hanya a ce in karanta kafin in wuce. Wancan adda ce a hannunsa, kuma bai san ni ba. Kai ni na haife ka."

Ta juya ta kama hannun Salamatu ta ja ta zuwa gindin wani mangwaro da ke gaban cocin, inda ruwa bai cika sauka ba. Ta zaunar da ita kan saiwa, ta ɗaura tawul, ta dafa bishiya ta kai guiwa ƙasa cikin taɓo. Guiwar ta yi ƙara, ita ma ta yi. Ta zuba ruwa a tasa ta kama ƙafar 'yarta tana wankewa tana faɗa. "Dubi kaushi kamar ba malama ba. Duk karatun naki bai koya miki shafa mai ba? Baki kuwa kamar reza. Da kin iya yi wa yayanki magana da ladabi da ba mu kai nan ba." Salamatu tana kuka tana cewa to Inna, to Inna.

Sauran jama'a suka ci gaba da shiga, suna satar kallo. Ba wanda ya fito daga layi, kada ma ka yi tsammani. Mairo ta goge ƙafar da tawul, ta zubar da ruwa, ta zuba sabo. Ta daɗe tana kallon ruwan nan. Sannan, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta buɗe baki.

"Audi."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ya ji. Salamatu ta toshe baki da hannu. Shi kuwa ya tsaya cak a tsakiyar karatu, mutumin da ke gabansa yana ta cewa ya yarda, ya yarda, ba a kula shi ba.

"Audi, zo nan ka cire takalmi. Guiwata ba za ta jira ka ba."

Fasto ya dafa masa kafaɗa ya ce dattijo, ka tuna aikin da aka ba ka, kuma mace ba ta wanke wa namiji. Audi ya dubi ƙofa, ya dubi mangwaro. Ya miƙa wa fasto takardar hannunsa, ya sauko cikin taɓo da farar rigarsa, ƙato mai furfura a gemu, yana tafe kamar yaron da aka aika kira. Ya zauna kan saiwa kusa da ƙanwarsa ya cire takalmi.

Rabon Mairo da taɓa ƙafar nan tun yana rarrafe. Duk tabon tartsatsin walda ne, wani kan wani, ga farce ɗaya ya mutu. Ta sa ta cikin ruwa, sai ta ga ƙaramin yatsan hagu ya hau kan na kusa da shi. Ta san da shi mana, ita ta haife shi, amma sai da hannunta ya tsaya. Ta wanke a hankali, wannan karon ba faɗa. A ciki aka ja labule aka ta da waƙa, ana amfani da tasoshinta.

Daga baya an sauke Audi daga dattijo, an kuma aiko wa Mairo da tasoshinta gida, an ce ikkilisiya ta sayi nata. Cocin da ubanta ya gina, har yau ba ta sake shiga ba, kuma abin yana cin ta, ba ta ɓoyewa. Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, da ta gama ta yunƙura za ta tashi, guiwa ta ce atafau. Audi ya kama hannu ɗaya, Salamatu ta kama ɗaya, suka ɗaga ta caɓa-caɓa da jan taɓo. Ba su yi taku goma ba Salamatu ta ce ita fa har yanzu ba ta janye maganarta ba. Audi ya ce shi ma kwana shida yake a kai, ko yau ko gobe. Ta ce to ya zauna a kai. Ya ce zai zauna.

"Wayyo ni Mairo! Ku yi mini shiru ku kai ni gida, ko in kwanta a nan mota ta bi ta kaina."

Suka yi shiru. Suna tafe a hankali, tana rataye a tsakaninsu, tasar Ɗantala a hammatar Salamatu. Sai da suka kusa kwanar gida Audi ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Inna," ya ce, "sake faɗa."

"In sake faɗin me?"

"Sunan."

Ta kau da kai can gefe tana kallon bangon mutane, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Allah ya sawwaƙe. Ɗayan ma a gaban jama'a ka sa na yi. Kai, riƙe ni da kyau, za ka ka da ni."